Niƙaƙƙen Nama da Cuku a Tukunya Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi kan Abincin Daren Iyali

Wannan girki ne na ranar da aka dawo gida a gajiye, yara na jiran abinci, ba a kuma son a daɗe a kicin. Niƙaƙƙen naman shanu, makaroni, tumatir da cuku, duk a tukunya ɗaya, cikin kimanin rabin awa. Sauƙinsa ne ke sa a raina shi, rainin kuma shi ke jawo nama mai ƙarni da cuku mai gudaji. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a kansa, kuma idan uwargida ta lura za ta ga yawancinsu a kan wuta suke komawa: nama yana son ta da ƙarfi, cuku kuwa ba ya jure ta.

Me zan tanada, kuma nawa-nawa?

Don mutum huɗu zuwa biyar, ki tanadi niƙaƙƙen naman shanu giram 500, makaroni giram 300, babbar albasa ɗaya, tafarnuwa uku ko huɗu, tumatirin gwangwani mai kauri babban cokali biyu, yankakken tumatir giram 400, romon nama ko ruwa rabin lita, madara kofi ɗaya, da cuku giram 200. Sai mai cokali ɗaya, gishiri, masoro, garin jan tattasai, da barkono idan mutanen gidan suna son yaji. Tukunyar ta zama mai faɗi, mai kaurin gindi, mai murfi. Faɗin ya fi zurfin muhimmanci, za ki ga dalili a gaba.

Yaya ake yin sa daga farko zuwa ƙarshe?

Ki goge cukun tun farko ki ajiye shi a gefe, domin sanyin firji ya sake shi kafin lokacinsa ya zo. Ki ɗora tukunya a wuta mai ƙarfi, ki zuba mai, idan ya yi zafi sosai ki shimfiɗa naman a gindinta ki danna shi da bayan cokali. Ki ƙyale shi minti uku zuwa huɗu ba tare da kin taɓa ba. Bayan nan ki juya shi, ki dagargaza, ki barbaɗa gishiri. Ki rage wuta zuwa matsakaiciya, ki zuba albasa ta yi laushi kamar na minti uku, sannan tafarnuwa da kayan ƙamshi, sannan tumatirin gwangwanin. Ki soya shi minti ɗaya ko biyu har janshi ya yi duhu.

Yanzu ki zuba yankakken tumatir da romo, ki kankare duk abin da ya kama a gindin tukunyar da cokalin katako. Idan ya tafasa ki zuba makaroni ɗanye, ki rage wuta, ki rufe. Ki riƙa buɗewa kina juyawa duk bayan minti biyu ko uku don kada ya kama. Tsakanin minti goma zuwa sha biyu makaronin zai yi laushi. Ki zuba madara, ki juya ta yi ɗumi, sannan ki kashe wutar gaba ɗaya ki sauke tukunyar. Sai a lokacin cuku zai shiga, kaɗan-kaɗan, kina juyawa. Ki ɗanɗana gishiri a ƙarshe, ki rufe minti biyar kafin ki zuba wa kowa.

Wane irin niƙaƙƙen nama ya fi dacewa?

Mai ɗan kitse. A inda ake sayar da shi a ƙunshe za ki ga an rubuta lambobi irin su 80/20, 85/15 ko 90/10. Lambar farko tsoka ce, ta biyu kitse. A ganina 85/15 ne daidai ga wannan girki: yana da kitsen da zai soya kansa ya ba da ɗanɗano, bai kuma kai yawan da zai haɗu da man cuku ya ginshi mai ci ba. Idan 80/20 kika samu, ki rage man bayan suya. Idan 90/10 ne, ki ƙara cokali ɗaya na mai, kada kuma ki daɗe kina soya shi, domin saurin bushewa gare shi.

Idan a gabanki za a niƙa, ki zaɓi naman kafaɗa ko na wuya, a niƙa sau ɗaya da manyan ramukan inji. Naman da aka niƙa ya yi laushi tilis yakan dunƙule ya yi tauri a tukunya.

Me ya sa namana yake tsatso ruwa ya yi toka-toka maimakon ya soyu?

Wannan ita ce matsalar da ta fi kowace lalata girkin, kuma mutane da yawa ba su ma san matsala ba ce, sun ɗauka haka niƙaƙƙen nama yake. Fiye da rabin nauyin ɗanyen nama ruwa ne. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salsiyos, komai ƙarfin wutar da ke ƙarƙashinsa. Shi kuma jan da nama ke yi, wanda ke zuwa da ƙamshin suya da gardi, ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140. A wannan zafin ne furotin da ɗan sukarin da ke jikin naman ke haɗuwa su haifar da ɗaruruwan sinadaran ƙamshi. Wani masanin kimiyya ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa a 1912, har yau da sunansa ake kiranta. Ma'ana, muddin akwai ruwa kwance a tukunya, naman dahuwa yake yi, bai fara soyuwa ba.

Abubuwa uku ne ke tara ruwan. Tukunyar da ba ta yi zafi ba kafin a zuba nama. Tukunyar da aka cika maƙil har tururi ya rasa hanyar fita. Sai kuma hannun da ba ya haƙuri, wanda da zarar nama ya taɓa tukunya ya fara juyawa. Kowace juyawa tana ɗaga naman daga ƙarfen mai zafi, tana kuma fasa shi ƙanana, kowane ƙanƙanin gutsure yana zubar da nasa ruwan. A nan ne sauri ke haifar da nawa, don wadda ta yi ta juyawa za ta ƙare da jiran ruwan ya ƙafe na tsawon minti goma.

Ki saurari tukunyar, za ta gaya miki halin da take ciki. Idan kina jin ƙarar suya mai kaifi, mai na tartsatsi, komai na tafiya daidai. Idan ƙarar ta koma ɓararrakar tafasa, ruwa ya taru. Idan kika ɗaga gefen naman da cokali bayan minti uku kika ga ƙasansa ya yi ja mai duhu, ya kuma saki tukunyar da kansa ba tare da kin ɓamɓaro shi ba, lokacin juyawa ya yi. Ba sai kowane gutsure ya yi ja ba. Gefe ɗaya mai kyakkyawar suya ya isa ya ɗauki tukunyar gaba ɗaya.

Ɗan ƙanzon nan mai ruwan ƙasa da ke mannewa a gindin tukunya kuma, kada ki ɗauke shi ƙonewa. Mafi yawan ɗanɗanon girkin a cikinsa yake, shi ya sa ake kankare shi idan an zuba romo. Sai idan ya yi baƙi yana ƙauri ne ya zama ɓarna.

Akwai dabara ga mai ɗan lokaci: ki narkar da kwatan ƙaramin cokali na bekin soda a cikin babban cokali ɗaya na ruwa, ki cakuɗa da naman giram 500, ki bar shi minti sha biyar. Yana rage tsamin naman, sai ya riƙe ruwansa ya kuma yi saurin yin ja. Kada ki wuce wannan awo, idan ya yi yawa ana jin sa a baki.

In wanke naman kafin in soya?

A'a. Wanki ba ya kashe ƙwayoyin cuta, wuta ce ke kashe su. Abin da wankin ke yi shi ne fantsama su a kan famfo, kwanuka da hannu, ya kuma jiƙe naman ya hana shi soyuwa. Abin wankewa shi ne hannunki, da katakon yanka, da duk abin da ɗanyen naman ya taɓa, da ruwa da sabulu. Ƙarnin da ake gudu kuwa, suya mai kyau da albasa da tafarnuwa ne ke kore shi.

In tsiyaye man da ya fito?

Ki karkata tukunyar ki duba. Idan bai wuce cokali biyu ba, ki bar shi, da shi za ki soya albasa. Idan ya taru sosai, ki kwashe rarar da cokali ki zuba a gwangwani ya daskare, sannan a jefa a shara. Kada a zuba shi a magudanar wanke-wanke, domin yana daskarewa a cikin bututu ya toshe shi.

Yaya zan tabbatar naman ya dahu, musamman da yake yara za su ci?

Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta. A dunƙulen nama, ƙwayoyin cuta a bayansa suke zama, wuta na taɓa shi ta kashe su. Niƙa kuwa tana cusa na bayan zuwa ciki, ta gauraya su da ko'ina. Shi ya sa ba a cin niƙaƙƙen nama da sauran ɗanyantaka. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sa ma'aunin dahuwarsa a digiri 71. An ƙara tsaurara lamarin a can bayan ɓarkewar cutar da wata ƙwaya mai suna E. coli O157:H7 ke haddasawa a 1993, wadda ta samo asali daga niƙaƙƙen naman da bai gama dahuwa ba, ta kama mutane sama da 700, yara huɗu suka rasu. Irin wannan ƙwayar ta fi yi wa ƙananan yara da tsofaffi illa, tana iya taɓa ƙoda.

Launi kaɗai ba shaida ba ne, domin nama na iya rikiɗa ya yi ruwan ƙasa kafin ya kai wannan zafi. Amma a wannan girkin hankalinki ya kwanta: naman da aka dagargaza ƙanana, aka soya, ya kuma tafasa a romo fiye da minti goma, ya wuce digiri 71 da nisa. Inda ake buƙatar ma'aunin zafi shi ne idan an mulmula naman manya ko an yi masa faifai mai kauri.

Wane cuku zan saya?

Ya danganta da abin da kike nema. Cheddar, wanda asalinsa wani ƙauye ne mai wannan suna a yankin Somerset na Ingila, shi ke ba da ɗanɗano mai ƙarfi da ɗan tsami, kuma shi ne ginshiƙin wannan girki. Mozzarella na Italiya ba shi da ɗanɗano sosai, amma shi ke jan zaren nan da yara ke so idan an ɗaga cokali. Gouda na ƙasar Holan yana narkewa sumul, da ɗan zaƙi-zaƙi. Parmesan busasshe ne mai gishiri, na ainihinsa sai ya yi aƙalla wata 12 a ajiye kafin a sayar. Shi ba a gina girki a kansa, barbaɗa shi ake yi a sama.

Haɗin da na fi so shi ne kashi biyu Cheddar, kashi ɗaya Mozzarella. Ki kuma zaɓi Cheddar da bai tsufa sosai ba. Cuku na tsufa yana rasa ruwa, furotin ɗinsa na kakkaryewa, ɗanɗanonsa ya ƙaru amma narkewarsa ta lalace.

Ga masu kula da abin da aka haɗa cuku da shi: ana daskarar da madarar yawancin cuku da wani sinadari da a al'adance ake samowa daga cikin ɗan maraƙi, ko da yake masana'antu da dama yanzu suna amfani da wanda ba na dabba ba. Akan rubuta a jikin kwalin, sai a duba.

Cukuna yakan yi gudaji, mai ya taso a sama. Ina kuskuren yake?

A wuta yake. Cuku haɗin abu uku ne: furotin, kitse da ruwa, furotin ɗin ne ke riƙe da sauran biyun. Kitsen yana fara narkewa tun a wajen digiri 32. Cuku mai laushi irin Mozzarella yana malalewa a wajen digiri 55, Cheddar a wajen 65, busasshe irin Parmesan sai an haura 80. Duk waɗannan ƙasa suke da zafin tafasa. Idan aka zuba cuku a tukunyar da ke ɓararraka, furotin ɗin sai ya ƙanƙance ya matse, ya fitar da mai da ruwan da yake riƙe da su kamar yadda ake matse soso. Abin da zai rage shi ne tsakin gudaji masu danƙo a ƙasa, da jan mai yana yawo a sama.

Saboda haka ki sauke tukunyar, ki jira kumfar tafasa ta kwanta, kamar minti ɗaya. Zafin da ya rage a cikin makaroni da romo ya ishi cukun narkewa. Ki ɗebi cikin tafin hannu ɗaya ki watsa, ki juya a hankali. Za ki ga siraran gogaggen cukun sun yi laushi, sun fara sheƙi, sun ɓace cikin romon, launinsa ya tashi daga ja zuwa ruwan lemo. Sai sun ɓace tukuna za ki ƙara wani. Idan kika juye giram 200 a lokaci ɗaya, zai haɗu ya zama curi guda a tsakiyar tukunya.

Kina da mataimaka biyu. Na farko sitacin da makaronin ya sake a cikin romo. Yana shiga tsakanin furotin ɗin ya hana su mannewa da juna, wannan ma shi ne babban amfanin dafa makaronin a tukunya ɗaya da naman maimakon a tafasa shi daban a tsane. Idan kina son ƙarin kariya, ki cakuɗa gogaggen cukun da babban cokali ɗaya na sitacin masara kafin ki zuba. Na biyu shi ne cukun nan da aka sarrafa, mai zuwa falle-falle a leda. Wasu na raina shi, amma yana ɗauke da wani irin gishiri da ke haɗa mai da ruwa su zauna tare. Wani ɗan kasuwar cuku, James L. Kraft, ya yi wa hanyarsa ta sarrafa cuku rajista a Amurka a 1916. Falle biyu a cikin tukunya suna gyara narkewar sauran cukun duka, ba tare da sun danne ɗanɗanon Cheddar ba.

Idan ya riga ya tsinke, akwai gyara?

Idan bai yi nisa ba, akwai. Ki sauke daga wuta, ki zuba ɗan madara mai ɗumi da falle ɗaya ko biyu na sarrafaffen cukun, ki juya da ƙarfi. Idan gudajin sun riga sun yi tauri, ba za su koma ba, amma abincin lafiyarsa ƙalau, ana ci. Ki kwashe man saman da cokali, ki barbaɗa sabon cuku, ki rufe ya narke.

Gogaggen cuku na leda bai fi sauƙi ba?

Ya fi sauƙi, amma ana barbaɗe shi da sitaci ko wani gari don kada ya dunƙule a leda, wannan kan sa narkewarsa ba ta yin sumul kamar na dunƙule. Goge giram 200 ba ya wuce minti biyu. Idan cukun ya yi laushi yana manne wa magogi, ki sa shi a firiza minti goma. Na ledar ya fi dacewa da barbaɗawa a sama idan za a gasa.

Na sa wani farin cuku, ya ƙi narkewa sam. Me ya faru?

Ba kowane cuku ke narkewa ba. Waɗanda aka daskarar da tsami da zafi, irin Paneer na Indiya da Ricotta na Italiya, ba sa malalewa komai wuta. Haka Halloumi na tsibirin Saifurus, wanda ake dafa shi tun wajen haɗawa. Idan irinsu kike da shi, ki yanka ƙanana ki soya su yi ja, ki watsa a sama. Kaurin romon kuma ki samo shi daga madara da ɗan bota.

Madara ba za ta guntse ba idan ta haɗu da tumatir?

Tana iya guntsewa idan ta tafasa tare da shi, domin tsami da zafi ne ke tsinka madara. Shi ya sa take shiga a ƙarshe, bayan sitacin makaroni ya riga ya fito. Madara mai cikakken kitse ta fi jurewa. Madarar ruwa ta gwangwani wadda ba a sa wa sukari ba ta fi duka, don an ƙafar da kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwanta, ba ta saurin tsinkewa. Rabin kofinta ya isa, ki cike da ruwa.

Makaronin yakan caɓe, wani lokaci kuma ruwa ya ƙare bai dahu ba.

Makaroni sun bambanta, tukwane ma haka, don haka awon ruwan farko somin-taɓi ne. Ki ajiye ruwan zafi a kusa. Idan romo ya ja baya makaronin na da sauran tauri, ki ƙara rabin kofi. Idan ya dahu ruwa ya yi yawa, ki buɗe murfin ya ƙafe na minti biyu. Ki fara ɗanɗanawa minti biyu kafin lokacin da aka rubuta a leda, ki sauke da ɗan sauran ƙarfi a tsakiyarsa, domin zai ci gaba da dahuwa a zafin tukunyar. Tsamin tumatir kan jinkirta laushinsa kaɗan, kada ki yi mamaki idan ya ɗara lokacin da kika saba. Kuma ki sauke da ɗan ruwa-ruwa. Cuku da minti biyar na hutawa za su kawo kaurin.

Zan iya sa shinkafa ko dankali a madadinsa?

Ƙwarai. Shinkafa giram 300 tana son romo kamar mililita 600, wuta ƙasa-ƙasa, murfi a rufe minti 18 zuwa 20, ba a kuma yawan juya ta. Dankalin turawa a yanka shi ƙanana, romon ya tsaya daidai kansa, cikin kwata na awa ya yi laushi. Dokar cuku ba ta canzawa.

Idan ina son saman ya gasu ya yi ja fa?

Ki rage wa makaronin minti biyu na dahuwa, ki juya rabin cukun a ciki, ki juye a faranti mai jure zafi, ki rufe saman da sauran. Ki gasa a oben mai zafin digiri 190 na minti 15 zuwa 20. Za ki ce ai yanzu aka ce cuku ba ya son wuta. Cukun da ke sama daban ne: so ake ya bushe ya yi ɓawo mai gardi, ɗan man da ya fitar kuma makaronin ƙasa ne ke shanye shi. Wanda ke ciki sitaci na kare shi. Ki bar farantin ya huta minti goma kafin a yanka, in ba haka ba zai zube.

Ta yaya zan sa yara su ci ganye a ciki?

Ki goge karas da ƙaramin magogi ki soya tare da albasa, yana narkewa ya ɓace, ya kuma rage tsamin tumatir. Tattasai a yanka ƙanana ya bi bayansa. Alayyahu sai a minti biyu na ƙarshe, koren wake da masara a minti biyar na ƙarshe. Ni dai ban goyi bayan a riƙa ɓoye wa yaro komai ba. A ɓoye karas, amma a bar koren wake ya fito fili, domin ido ma yana koyon cin abinci, kuma ganyen da ya sha cuku ya fi saurin karɓuwa wurin yaro. Idan akwai jaririn da bai kai shekara ba, a ɗebar masa naman kafin a barbaɗa gishiri, a dafa masa shi daban da ganyen, a dama su yi laushi.

Abinci ne da za a riƙa ci kullum?

A'a, kuma gara a faɗi gaskiya. Yana da amfani: naman shanu na ba da furotin, sinadarin ƙarfe mai saurin shiga jini, zinki da bitamin B12, giram 30 na Cheddar kuma na ɗauke da kalsiyam kimanin miligiram 200. Amma yana da nauyi. Giram 100 na Cheddar ya kai kalori 400, ga kitse ga gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, kuma cuku, romo da tumatirin gwangwani kowanne da nasa gishirin yake zuwa. Dalilin da ya sa ake ɗanɗanawa bayan cuku ya shiga ke nan. Asusun Binciken Cutar Daji na Duniya kuma ya ba da shawarar jan nama dafaffe kada ya wuce giram 350 zuwa 500 a mako. Sau ɗaya a mako, da ɗanyen ganye a gefe, ya wadatar.

Mai son rage nauyinsa ya maye rabin naman da dafaffen wake, ya rage cukun zuwa giram 120 amma ya zaɓi mai ƙarfin ɗanɗano. Wanda madara ke ɓata wa ciki sau da yawa yana iya cin Cheddar da Parmesan, domin sukarin madarar da ya rage a cikinsu kaɗan ne ƙwarai. Sai a cire masa madarar a ƙara romo. Wannan ban da mai borin jini ga madara, shi kam ko kaɗan bai kamata ya ci ba. Mai juna biyu kuma ta tsaya ga cuku mai tauri ko wanda aka yi da madarar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta.

Na buɗe ledar nama na ga waje ja, ciki ruwan toka. Ya lalace?

Ba lallai ba. Iska ce ke sa bayan nama ya yi ja, cikin da iska ba ta kai ba yakan yi duhu. Alamar lalacewa ita ce wari mai tsami, yauƙi a hannu, ko kore-kore. Ɗanyen niƙaƙƙen nama kwana ɗaya zuwa biyu yake yi a firji mai sanyin digiri 4, a firiza kuma wata uku zuwa huɗu kafin ɗanɗanonsa ya fara raguwa. Idan za ki daskarar, ki baje shi a leda ya yi faifai siriri, ya fi saurin saki. Ki narkar da shi a firji daga dare zuwa safe, ko ki nutsar da ledar a ruwan sanyi kina canza ruwan duk rabin awa. Kada a bar shi a kan tebur ya saki da kansa, don bayansa zai ɗumama ƙwayoyin cuta su hayayyafa alhali cikinsa na ƙanƙara.

Sauran da aka rage fa, yaya zan adana in kuma ɗumama?

Ya shiga firji kafin awa biyu da saukewa, awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. A zuba a roba mara zurfi don ya yi saurin hucewa. Yana kwana uku zuwa huɗu. Washegari za ki tarar ya daskare ya zama curi, makaronin ya shanye romon. Ki zuba a tukunya da madara ko ruwa cokali uku zuwa huɗu ga kowane kwano, wuta ƙasa-ƙasa, ki rufe kina juyawa lokaci-lokaci har ya yi zafi ko'ina, wato digiri 74. Ki ɗumama iya wanda za a ci kawai.

Idan tanadi kike son yi don ranakun aiki, ki dafa naman da tumatirin kaɗai ki daskarar, ban da makaroni da cuku. Ranar da ake buƙata sai ki juye a tukunya, ki ƙara romo, ya tafasa, makaroni ya shiga.

Idan baƙi suka zo, in ninka komai sau biyu?

Nama, makaroni da cuku ki ninka. Ruwa kuwa ki fara da ninki ɗaya da rabi, ki ƙara idan ya nema, domin tukunya mai yawan kaya ba ta ƙafar da ruwa da sauri. Kilo ɗaya na nama ba zai soyu a zubi ɗaya ba, ki raba shi biyu ko uku, ki kwashe kowane kashi idan ya yi ja kafin ki zuba na gaba. Babbar tukunya tana daɗewa da zafi bayan an sauke, saboda haka ki ba ta minti biyu zuwa uku kafin cuku ya shiga. Idan baƙin ba su iso ba tukuna, ki tsaya a matakin naman da tumatir, kada ki zuba makaroni sai kin ji sallamarsu.